Filin Makanikai: Me Ke Sa Turbo Ya Saki Idan Juyin Inji Ya Yi Sama?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan fitowa kusan duk a kan matsala ɗaya suka taru: mota mai turbo (na'urar da hayaƙi ke juyawa don ta tura matsattsiyar iska cikin inji) da aka yi wa ƙarin ƙarfi, tana fizga lafiya lau a ƙasa, amma da allurar juyi ta haura sai matsin iska ya zube. Za mu riƙa ba da awo da bar. Wanda gejinsa ke nuna psi, bar 1 daidai yake da psi 14.5.

Tambaya: Ina da Golf GTI samfurin 2007, injin lita 2 mai turbo. An sauya mata manhajar kwamfuta don ƙarin ƙarfi, na kuma sa mata gejin matsin iska. Idan na take totur a giya ta uku, geji na kaiwa bar 1.4 a wajen juyi 3,000, amma kafin a kai 6,000 ya sauko 0.9. Makanikina ya ce turbo ya mutu, in nemo na Beljiyam. In saya? (Mai karatu daga Kaduna)

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Turbon da ya mutu ba ya kai bar 1.4 a juyi 3,000.

Fara da lissafin nan, domin shi ne tushen duk abin da za mu faɗa a filin yau. Inji yana cika silindojinsa sau ɗaya a kowane juyi biyu. Ke nan injin lita 2 da ke juyi 3,000 a minti yana haɗiye kimanin lita 3,000 na iska a minti guda, a juyi 6,000 kuwa lita 6,000. Kafin geji ya tsaya a wuri ɗaya, dole turbo ya ninka iskar da yake turawa. Duk wani rauni da ke ɓoye a ƙasa, ko ɗan huji a tiyo, ko sifirin da ya gaji, ko salansa da ta toshe, a sama yake bayyana.

Motarka da ƙaramin turbo ta zo daga kamfani, wanda ake kira K03. An zaɓe shi ne don ya tashi da wuri a injin mai ƙarfin doki 200. Masu rubuta manhajar ƙarin ƙarfi suna matsa masa a tsakiya, inda yake da sarari, sannan da gangan su sassauta masa a sama, domin a can ya kusa iyakar iskar da fankarsa za ta iya ɗauka. Idan aka tilasta masa, zafi zai ƙara wa iskar maimakon yawa, ga gudun da ya wuce kima. Saukowa daga 1.4 zuwa wajen 1.0 a juyi 6,000 abu ne da aka saba gani a wannan turbo. Taka 0.9 tana bakin iyaka, don haka sai an auna.

Geji kaɗai ba zai raba gardama ba, domin abin da aka samu yake nunawa, ba ya faɗin abin da kwamfutar mota ta nema. Ka je wurin mai na'urar VCDS, wadda ke karanta kwamfutar motocin Volkswagen da Audi, a ɗauki bayanai yayin da ake jan giya ta uku daga juyi 2,000 zuwa 6,500. A cikin bayanan na'urar, rukuni na 115 yana nuna matsin da aka nema da wanda aka samu. Na 118 yana nuna zafin iskar da ke shiga inji da yadda bawul ɗin N75, mai sarrafa ƙofar hayaƙin turbo, yake aiki. Na 003 yana ba da nauyin iskar da sensa ta auna. Lura cewa na'urar tana haɗawa da nauyin iskar sararin sama, don haka idan ka ga 2,300 a milibar (milibar 1,000 shi ne bar 1), a geji wajen bar 1.3 ke nan.

Idan lambar da aka nema ita ma tana sauka, wadda aka samu tana bin ta sau da ƙafa, turbonka lafiyarsa ƙalau, kwamfuta ce ta ce a rage. Idan kuwa abin da aka nema ya tsaya, abin da aka samu ya yi ƙasa da shi da milibar 200 ko fiye, N75 kuma ya haura kashi 90 cikin ɗari, kwamfuta ta yi iyakar ƙoƙarinta, matsalar tana jikin ƙarfe ko roba. A nan ne nauyin iska ke taimakawa. Ƙa'idar gareji ita ce giram 0.8 a daƙiƙa ga kowane doki, wato wajen 160 ga injin da ba a taɓa ba. Iska mai yawa a sensa amma matsi kaɗan a geji, yoyo ne: an auna iskar, ta tsere a hanya. Iska kaɗan da matsi kaɗan, a nemi toshewa ko ƙofar hayaƙi da ba ta rufuwa.

Wannan gwaji yana kai mota gudun da ya wuce ƙa'idar titi. A yi shi a kan injin gwajin mota ko a killataccen wuri, kuma wani ne zai riƙe kwamfuta, direba idonsa a hanya.

Tambaya: Audi A4 gare ni mai injin 1.8T. Tun da aka ƙara mata matsi nake jin wani huci idan na taka sosai, tana shan mai, wani lokaci har baƙin hayaƙi. Kwamfuta ta nuna P0299. Mun duba tayoyin iska da ido ba mu ga komai ba. (Mai karatu daga Sabon Gari, Zariya)

Amsa: P0299 na nufin matsin da aka samu bai kai wanda aka nema ba. Alamun da ka lissafa duk na yoyon iska ne. Sensa ta ƙirga iskar tun a bakin filta, kwamfuta ta zuba fetur daidai da ita, amma wani kaso ya fice kafin ya isa inji, sai mai ya yi yawa. Ido ba ya kama irin wannan yoyo, saboda tsagar roba a rufe take har sai matsi ya buɗe ta.

Ga yadda ake kama shi. A samo murfin bututun ruwa na roba mai kauri wanda ya yi daidai da bakin tiyon da ke shiga turbo. A huda tsakiyarsa a sa bawul ɗin tayar mota. A kashe inji, a bari ya huce. A cire sensar iska, a cusa murfin a bakin tiyon, a ɗaure da kilip sosai. Ƙananan tayoyin da ke dawo da tururin baƙin mai cikin wannan tiyo a toshe su, a kuma buɗe murfin zuba baƙin mai, don kada iska ta taru a cikin inji ta tura silin kiranshaf waje. Sai a kawo iska daga kwamfaresa mai abin daidaita matsi. Kada a haɗa kai tsaye da tankin mai faci, wanda kan ɗauki bar 6 ko fiye. A fara da bar 0.3, a saurara. A hau zuwa 0.5, sannan 1.0. Kowa ya kauce daga saitin murfin, domin idan ya kuɓuce da ƙarfi yake fita.

Babban yoyo kunne zai ji shi. Ƙananan kuwa, a kaɗa omo a ruwa a fesa a kowace mahaɗa, inda kumfa ta taso nan ne. Ba sai matsin ya tsaya cak ba, ɗan kaɗan zai riƙa sulalewa ta bawul ɗin inji da ke buɗe. Amma idan bar 1 ya zube cikin daƙiƙa biyu ko uku, akwai ƙofa babba.

A wannan inji wuraren da aka fi samu su ne ƙarƙashin kilip inda ƙarfe ya ci roba, gefen intakula (mai sanyaya iskar da turbo ya matse) inda aka matse murfin roba da aluminiyam, ƙananan tayoyin da ke ƙarƙashin manifol waɗanda zafi ya busar, da kuma bawul ɗin da ke mayar da iska baya idan an saki totur. Wannan bawul yana da tantanin roba a ciki, kuma ƙarin matsi yana yaga shi. A 1.8T ana gwada shi da hannu: a tura tantanin sama, a toshe ƙaramin bakin da ke kansa da yatsa, a saki. Idan ya dawo ƙasa alhali yatsa na kai, ya yage. Masu injin lita 2 irin na GTI nasu na lantarki ne, a jikin turbo yake da noti uku. A ciro shi a duba robar, idan ta tsage a sa sabon samfurin mai fistin, wanda lambarsa ke ƙarewa da harafin D.

Tiyon da baƙin mai ya jiƙa har ya yi laushi a sauya shi ko da bai fashe ba. Yana kumbura a ƙarƙashin matsi, wata rana ya zame daga bakinsa ana tsakiyar wuce tirela.

Tambaya: An sa wa motata babban turbo, muna so ta riƙe bar 1.5, amma daga juyi 5,000 sai ta koma 1.1. Babu yoyo, mun gwada. Wani ya ce a ɗaure sandar westiget har ƙarshe, ko a cire tiyonta gaba ɗaya. Ya kuka gani? (Mai karatu daga Abuja)

Amsa: Ranka ya daɗe, kada ka yarda a cire wannan tiyo. Garin neman gira za a rasa ido. Westiget ita ce ƙofar da ke barin wani kaso na hayaƙi ya kewaye fankar turbo don kada matsi ya wuce iyaka. Idan aka hana ta buɗewa babu abin da ke tsare injin, kuma fistin ne zai biya.

Amma mai shawarar ya nuna wurin da ya dace. Sifirin da ke cikin gwangwanin westiget shi ke riƙe ƙofar a rufe. Ta ɗaya ɓangaren, hayaƙin da ke cikin manifol yana tura ta. Yayin da juyi ke hawa matsin hayaƙin yana ƙaruwa, a ƙaramin gidan turbo har yakan zarce matsin iskar da ke shiga inji. Idan sifirin ba shi da ƙarfi, hayaƙi zai ɗaga ƙofar da kansa ko da kwamfuta ba ta ba da izini ba. Shi ya sa a ƙasa komai daidai, a sama sai a ga saki.

Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce ba a neman fiye da ninkin ƙarfin sifirin. Mai son bar 1.5 yana buƙatar sifirin na bar 0.8 zuwa 1.0. Idan naka na 0.5 ne, amsar tambayarka ke nan. Don a sani, a cire tiyon gwangwanin a haɗa famfon hannu mai geji, a riƙa ƙara iska a hankali ana kallon sandar. Lambar da geji ya nuna lokacin da ta fara motsi ita ce ƙarfin buɗewarta. A tsaya a nan a ga ko matsin zai riƙe, idan yana zubewa tantanin ciki ya huje.

Sai ɗaurin sandar. A cire ƙaramin kilip, a zare sandar daga hannun ƙofar, a riƙe ƙofar a rufe da yatsa. Ramin sandar bai kamata ya faɗa kan ƙusar kai tsaye ba. Ya gaza da milimita 2 zuwa 3, wato wajen rabin ramin, yadda sai an ja sandar kafin ta shiga. Idan tana shiga salin-alin, ƙofar a sake take. A gajarta ta da rabin juyi, a gwada, a sake dubawa. Ɗaurewa har ƙarshe yana rage nisan da ƙofar za ta iya buɗewa, sai matsalar ta juye, matsi ya riƙa hawa babu tsayawa a sama.

Tun da an kwance, a girgiza hannun ƙofar. Idan yana rawa a cikin bushinsa ƙofar ba za ta zauna daidai ba. A haska tocila a duba ko gidan ya tsage a gefen ramin, a duba gaskit tsakanin manifol da turbo, inda baƙin tabon hayaƙi ke tona asirin yoyo. Hayaƙin da ya fita kafin turbo ƙarfi ne da ya salwanta.

Wani bambanci da ke rikita makanikai: a motocin da matsi ke buɗe ƙofar, tantani ko tiyo da ya fashe yana jawo matsi ya yi yawa, kwamfuta ta nuna P0234. A waɗanda zuƙar iska ke rufe ƙofar, kamar BMW 335i mai injin N54, fashewar tiyon yana barin ƙofar a buɗe, matsi ya yi ƙasa.

Tambaya: Da asuba motata kamar za ta tashi sama. Da rana a watan Afrilu, musamman bayan na fito daga cunkoso, sai ta yi sanyi, geji ya ragu a sama. Haka kuma na lura idan na je Jos ba ta kai abin da take kaiwa a Legas. (Mai karatu daga Sakkwato)

Amsa: Motar da ke da huji ba ta san asuba ba, ba ta san azahar ba. Taka kwamfuta ce ke kare inji, kuma daidai ta yi.

Matse iska yana ɗumama ta. Idan zafin gari ya kai digiri 40, turbo ya matse iskar zuwa bar 1.3, tana fitowa da zafin da ya kai wajen digiri 150. Aikin intakula ne ya sauko da shi. A motoci da yawa, har da GTI, intakula tana matse ne tsakanin lagireton ruwa da na iyakwandishan, don haka a cunkoso ita kanta zafi take sha ta gaba da baya. Da zafin iskar shiga ya haura digiri 50 zuwa 60, fetur yakan fara kamawa da kansa kafin lokaci. Sensar da ke jikin bulok tana jin wannan ƙwanƙwasa, kwamfuta ta ja lokacin tartsatsi baya, idan abin ya ci gaba ta rage matsi.

A motocin Volkswagen da Audi rukuni na 020 yana nuna digirin da aka ja baya a kowace silinda. Biyu ko uku jefi-jefi ba abin damuwa ba ne. Shida ko fiye a dukkan silindoji, manhajar ta fi ƙarfin man da ke tanki. Wannan ya zama ruwan dare a wurinmu, domin yawancin manhajojin da ake saukowa da su an rubuta su ne don fetur mai oktan 98 da yanayin Turai, kuma ba irinsa ake sayarwa a gidajen manmu na yau da kullum ba. Maganin shi ne a sa mai rubuta manhaja ya sassauta ta daidai da man da kake samu. Doki goma da za ka rasa sun fi araha a kan fistin huɗu. A wanke ƙura da ƙwari daga haƙarƙarin intakula da ruwa marar ƙarfi, a tabbata fankoki biyu suna aiki, in da hali a sa babbar intakula.

Batun Jos kuwa tudu ne. Garin yana sama da mita 1,200 daga teku, nauyin iska a can wajen milibar 880 ne, a Legas kuwa wajen 1,013. Don a kai milibar 2,300, a Legas turbo zai ninka iska sau 2.3, a Jos sai ya ninka ta sau 2.6. Kwamfuta tana da sensar da ke auna wannan, kuma tana rage abin da take nema don kada turbo ya wuce gudunsa. Babu abin gyarawa a nan.

Tambaya: Land Cruiser ce da ni mai injin 1HZ, aka ɗaura mata turbo. Tana kai bar 0.7 a juyi 2,200, amma idan na matsa mata a rairayi ko a hawa, daga 3,000 sai geji ya dawo 0.4, ƙarfi ya tafi. (Mai karatu daga Agadas)

Amsa: Alhaji, a injin gas hayaƙin salansa shi ne mai ba da labari, don haka sa wani ya bi ka a baya ya kalla.

Idan matsi na faɗuwa baƙin hayaƙi na tuƙuƙi, mai ya isa, iska ce ta gaza. A yankinku abin zargi na farko filtar iska ce. Filtar da ƙura ta cika tana barin iskar da ake buƙata a juyi 2,000 ta wuce, amma ta shaƙe inji a 3,000. Tana kuma jawo wata matsalar: zuƙar turbo tana iya lanƙwashe tiyon roba da ke tsakanin filta da turbo ya manne, da an saki totur ya koma yadda yake, makaniki ya buɗe bonet bai ga komai ba. A matsa tiyon da hannu, idan ya yi laushi a sa wani tiyo mai waya a ciki. Yawan busa filtar takarda da iska mai ƙarfi yana huda ta, ƙura ta wuce ta cinye bakin fukafukan turbo. A cire tiyon a duba: bakin fukafukan ya kasance da kaifi, sandar tana iya ɗan motsi gefe da gefe muddin ba ta taɓa gida, amma gaba da baya bai kamata a ji motsi ba.

Idan kuwa matsi na faɗuwa salansa tas babu hayaƙi, mai ne ya gaza. Turbo da zafin hayaƙi yake juyawa, idan gas ya ragu shi ma sai ya lafa. A sauya filtar gas, a zubar da ruwan da ya taru a ƙasanta, a duba tiyon da ke tahowa daga tanki ko yana shan iska, a duba rariyar bakin bututun cikin tanki. Gas ɗin jarka da na durom yana saurin toshe su. A tuna kuma 1HZ ƙarfinsa yana kaiwa ƙololuwa a juyi 3,800, daga nan famfon injekta da kansa yake rage mai.

Gargaɗi ɗaya. Toyota ba ta ƙera 1HZ don turbo ba, matsewar silindarsa ta haura ninki 22, fistin ɗinsa kuma ba irin na 1HD-T ba ne da ya zo da turbo daga kamfani. Bar 0.7 ya ishe shi. Kada a buɗe sukurun mai don a cike gurbin ƙarfin da ya ɓace sai an sa gejin zafin hayaƙi a manifol, kuma a ɗaga ƙafa idan ya doshi digiri 700.

Tambaya: A motata matsin ba sauka a hankali yake yi ba. A wajen juyi 5,000 sai ta riƙa sarƙewa tana fizge-fizge, allurar geji na rawa. (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Wannan ya fi kama da wuta ko mai. Iskar da aka matse tana wahalar da tartsatsi, don haka fulogin da ke aiki a bar 0.8 yana iya kasawa a 1.4. A rage tazarar bakin fulogi zuwa milimita 0.7 da ma'aunin tazara, a sa fulogi mai daraja ɗaya mafi sanyi, a duba lambobin P0300 zuwa P0304 masu nuna silindar da ba ta kama wuta. Idan silinda ɗaya ce, a musanya koyil ɗinta da na maƙwabciyarta a ga ko matsalar za ta bi shi.

Idan injinka irin na GTI ne na shekarun 2005 zuwa 2008, a duba rukuni na 230. Famfon fetur mai babban matsi ya kamata ya riƙe wajen bar 110 idan an take. Tsakanin famfon da kamshaf akwai wani ɗan ƙoƙon ƙarfe da ke cinyewa. A ciro famfon a duba shi, idan baƙin rufinsa ya goge har farin ƙarfe ya fito a sauya, domin idan ya huje kamshaf zai ci.

In duk waɗannan lafiya, a koma kan katalis, mai tace hayaƙi a hanyar salansa, wanda a gareji ake kira indomi. Fetur da bai ƙone ba yana narkar da saƙarsa ta toshe hanya. A cire sensar oksijin da ke gabansa a ɗaura geji a ramin. A juyi 2,500 mota na tsaye, matsin ya kasance ƙasa da bar 0.2. Idan ya wuce haka a sa sabon katalis mai faɗin hanya, amma sai an gyara fulogi da koyil tukuna, in ba haka ba sabon ma zai narke.